Ƙirƙirarriyar basira: Ina makomar matasa masu rubuta manhaja a Alƙahira?

Tun bayan kafa hukumar ITIDA a 2004, Masar ke jan hankalin kamfanonin ƙetare da arahar injiniyoyinta, inda suke kawo aikin rubuta manhaja Alƙahira.

Sai dai fitowar GitHub Copilot a 2021 ta sauya lissafi. Manhajar tana karanta umarnin kwamfuta tamkar harshe: ta yi hasashen layi na gaba, ta taimaka wajen gyara kurakurai. Da irin waɗannan ƙananan ayyuka ne ɗaliban da suka kammala Jami'ar Ain Shams ke fara samun abin sakawa a bakin salati.

Manyan injiniyoyi ba su girgiza ba tukuna, domin su ke tantance abin da na'ura ta rubuta. Amma su ma a kan ƙananan ayyukan nan suka goge.