Jirgin roba da jirgin kara

A ƙasashen Turai ana saida ƙananan jiragen yaƙi na roba cikin kwali. Yaro ya saya, ya manne guntayen, ya shafa fenti. Wanda ya fi suna shi ne Spitfire, jirgin da Ingila ta kare kanta da shi a 1940. Daga bakin fiffike zuwa bakin fiffike, mita 11 ne da ɗan ɗori. An rage shi sau 72, ya koma wajen santimita 15 da rabi.

Wasa ne mai kyau, amma masu kamfani sun riga sun yi awon da lissafin duka.

A Dogon Dutsi da Tibiri kuwa, bayan girbi, yara suna ƙera nasu da kara. Su ɓare shi, su yanka totuwa, su soka ɓawon ya zama ƙusa. In fiffike ɗaya ya ɗara ɗaya, jirgi ya karkace, tilas yaro ya sake awo.

Wasu iyaye suna cewa ɓata lokaci ne, har su jefa jirgin a murhu. Ba su kyauta ba. Kamata ya yi malam ya shigo da kara cikin aji, ya rubuta santimita 1100 da 72 a allo, ya ce kowa ya raba, sannan ya yanki fiffikensa.