Zazzaɓin cizon sauro: Yaƙin da ba a barin sa rabi

Da zarar damina ta kankama, ɗakunan yara a asibitocin Arewa sai su cika maƙil, wasu ana yi masu ƙarin ruwa, wasu ƙarin jini, wasu kuma an makara wajen kawo su. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro har miliyan 263 a faɗin duniya, kuma mutum 597,000 suka rasu. Kusan kashi 31 cikin 100 na waɗannan mamata 'yan Najeriya ne, galibinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Abin takaicin shi ne babu wani ɓoyayyen abu game da wannan ciwo. Macen sauro da ke cizo da dare ita ce ke ɗauko ƙwayar cutar daga jinin mai ita ta sa wa wani. Ƙwayar ta kan fara zama a hanta ta hayayyafa, sannan ta shiga jini tana farfasa jajayen ƙwayoyinsa. Daga nan ne zazzaɓi da rawar sanyi da ƙarancin jini ke tasowa, kuma idan ta kai ga ƙwaƙwalwa yaro ya fara jijjiga ko ya suma. An san inda sauron ke yin ƙwai: kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini, fadamun shinkafa da duk wani ruwan da ya kwanta. An san gwajin da ke gano cutar cikin 'yan mintoci, an kuma san maganinta. A ganinmu, abin da ke kashe yaranmu shi ne fara aiki a bar shi bai ƙare ba.

Ƙasar Hausa ce ma ta koya wa duniya wannan darasi. Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun gudanar da wani gagarumin bincike a ƙauyukan Garki, da ke jihar Jigawa a yanzu. An yi feshin maganin sauro a ɗakuna, an raba wa jama'a magani, cutar ta ragu ƙwarai. Amma ba ta ɓace ba, kuma da aka janye hannu sai ta dawo. Masana har gobe suna komawa ga binciken Garki, yayin da mu da aka yi shi a gidanmu muke ta maimaita kuskuren da ya nuna.

A duba maganin riga-kafin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar kowane wata a damina. Ma'aikaci ne ke ba da na ranar farko, na rana ta biyu da ta uku a hannun uwa ake barin su. Idan aka ajiye su a kan taga aka manta, kariyar ta raunana. Maganin zamani da ya maye gurbin kulorokwin kwana uku ake shan sa, amma da yawa daga cikinmu da zarar jiki ya yi sanyi sai a ɓoye ragowar don wani yaron. Ƙwayar cutar da ta tsira ita ce ke sake tasowa, kuma irin wannan sakaci yana cikin abin da ke sa magani ya daina ci. Mai juna biyu ana so ta sha nata riga-kafin aƙalla sau uku a wurin awon ciki, amma wasu sau ɗaya suke zuwa. Gidan sauro mai magani kuwa ana karɓa da murna, sannan ya koma shingen lambu.

Allurar riga-kafin da Najeriya ta fara yi a Disambar 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa, wadda Nijar ma ta fara tata a Gaya a shekarar, babban ci gaba ne. Sai dai allura huɗu ce, ba ɗaya ba, kuma ba ta ɗauke buƙatar kwana cikin gidan sauro.

Ba iyaye kaɗai ke barin aiki rabi ba. A Abuja shugabannin Afirka suka taru a Afrilun 2000 suka yi alƙawarin rage mace-macen wannan ciwo da rabi, a nan kuma suka amince a 2001 da ware kashi 15 cikin 100 na kasafi ga lafiya. Gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan ba. Yawancin gidajen sauro da magunguna da kayan gwaji da kuɗin ƙasashen waje ake sayen su, kuma rage tallafin da Amurka ta yi a 2025 ya nuna hatsarin jingina da aljihun wani.

Mun san ana iya cin nasara, domin yawan yaran da ake samu da ƙwayar cutar a jininsu a Najeriya ya sauko daga kashi 42 a 2010 zuwa kashi 22 a 2021. Amma a alƙaluman na 2021 Kebbi tana kashi 49. Aljeriya da Masar kuwa an tabbatar sun rabu da cutar baki ɗaya.

Don haka muna kira ga gwamnonin Arewa su sa kuɗin yaƙi da wannan ciwo cikin kasafinsu, su kuma sake shi tun da bazara, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙananan hukumomi su cike ramuka su yashe magudanan ruwa. Masu kemis su daina ba da magani ba tare da gwaji ba. Hakimai da limamai su riƙa tuna wa magidanta cewa yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi asibiti a ranar, kuma maganin da aka fara a shanye shi duka.