Tsohon Jirgi Mai Inji: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Taɓa Kuɗin Taki

'Yan'uwa manoma, wata magana ta taso a ɗaya daga cikin ƙungiyoyinmu na gama kai da ke noma a bakin Kogin Kaduna ta gefen kudu, mun kuwa ga ya kamata mu kawo ta nan domin ta shafi kowa. An yi wa ƙungiyar tallan wani tsohon jirgin katako tare da injinsa mai ƙarfin doki 40, wanda ya daɗe yana aikin fito a wajen Shiroro. Mai shi ya sa kuɗi kaɗan ƙwarai. Waɗansu 'yan ƙungiya suka ce a ciro daga kuɗin taki a saya, a gyara, in ya so jirgin ya biya kansa da ɗaukar masara da rake da damina, ya kuma zama abin ceto ran da kogi ya yi ambaliya.

Ba mu raina wannan tunani ba. Duk wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa gidaje da gonakin bakin kogi a shekarar ​2003, ko a watan Satumba na 2015, ya san darajar jirgi a irin wannan rana. Mu kuma ba masu ƙin tsohon abu ba ne, gama da tsohuwar zuma ake magani. Amma ra'ayinmu shi ne, kuɗin da mai jirgi ya faɗa shi ne mafi ƙanƙanta cikin abin da ƙungiyar za ta kashe, kuma kada a taɓa kuɗin taki domin wannan sha'ani.

Mu fara da jikin jirgin. Katakon da ya shekara da shekaru cikin ruwa yakan ruɓe daga ciki, fenti kuwa ya rufe asirinsa. Sai an jawo shi tudu, an bar shi ya bushe, an bi shi da tsinin wuƙa katako bayan katako, sa'an nan a san gaskiyarsa. Inda wuƙa ta shige kamar cikin dafaffen rogo, wannan katako ya mutu. Wurin da ya fi muhimmanci shi ne katakon baya inda ake ɗaura inji, domin shi ke ɗauke da nauyi da girgiza duka. Kafinta yakan ce katako uku zai sake, in ya ɓamɓare na farko sai ya tarar haƙarƙarin da ke ƙarƙashinsa ma ya tafi, kusoshi sun ci tsatsa. Bayan wannan akwai cusa auduga a tsagogi da shafa kwalta. Aiki ne mai cin lokaci, amma dai abu ne da hannunmu zai iya, katako da kafinta kuma akwai su a garin nan.

Inji shi ne babbar magana. Allah ya albarkaci Kaduna ta kudu da makanikai, tun da kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kakuri a 1975 yaran unguwa suke koyon ƙarfe. Amma injin jirgi ba injin mota ba ne. Da ruwan kogi yake shan sanyi, wata 'yar farfelar roba ce a ƙasansa take tura ruwan sama. In aka tayar da shi a tudu babu ruwa, robar nan tana ƙonewa kafin a gama gaisuwa, daga nan sai injin ya yi zafi ya kama. Ruwan Kaduna na damina kuwa ja ne, cike da yashi, yashi kuma shi ne ke cinye wannan roba. Akwai man giya a can ƙasa kusa da farfela. In an kwance shi aka ga ya yi fari kamar nono, to, ruwa ya daɗe yana shiga, haƙoran giya suna cikin hatsari. Ga kabureta, ga fulogi, ga fistin da ringi. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne a ido, amma daga ƙasashen waje ake kawo su, galibi na kamfanonin Japan irin su Yamaha da Suzuki, kuma sun fi samuwa inda jirage suka yi yawa, kamar Ikko, Warri da Fatakwal. Dalar da take wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a cikin 2024. Kowace 'yar roba ta bi ta sun hau tare. In kuwa injin tsohon samfuri ne da aka daina yi, sai a yi wata guda ana aike ana jira, a ƙarshe a kawo wanda bai shiga ba.

A ce duk an gyara, inji ya tashi da ja ɗaya. Yanzu ne ciyarwa za ta fara. Irin wannan inji da ake garwaya wa fetur da baƙin mai, in an buɗe masa wuta duka, mai doki 40 yakan sha kusan lita 20 cikin awa ɗaya. Kowace lita 25 ta fetur kuma tana son rabin lita na mai nasa na musamman. Kowa ya tuna da ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta taɓa naira dubu a wurare da yawa. Ma'aji ya ɗauki fensir ya buga, buhu nawa za a ɗauka a awa ɗaya kafin a mai da kuɗin mai kaɗai?

Sai kuma abin da masu sha'awar jirgin ba su ambata ba, watau halin kogin namu. Shiroro tafki ne, akwai zurfi shekara duka, shi ya sa injin ya yi aiki a can. A nan kuwa ruwa yana cika ne daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba. Da kaka ta wuce sai duwatsu su fito, yashi ya yi tsibiri, wani wurin ma yaro ya ƙetare da ƙafa. Farfela ba ta shiri da dutse. Ashe injin zai yi aiki wata huɗu, ya kwana wata takwas a ɗaki, fetur yana bushewa a cikin kabureta, ana kuma fargabar ɓarawo. Fasinja ma ba kamar da ba ne, gama gadoji sun ƙaru, ga ta hanyar Nnamdi Azikiwe wajen Nasarawa, ga ta hanyar Yakowa, babur da Keke suna kai mutum ƙofar gida.

Maganar ceto ita ce ta fi taɓa zuciya, ita ce kuma ta fi ba mu tsoro. Inji mai tari da mutuwa, ran da ruwa ya yi ƙarfi ne zai mutu a tsakiyar kogi, jirgi ya juya gefe da mutane a ciki. Ruwan nan da ke wucewa ta gabanmu yana gangarawa ya haɗu da Kwara daura da Patigi, a yankin nan ne kuma jirgin katako ya kife da 'yan biki cikin dare a watan Yuni na 2023, mutum fiye da ɗari suka rasu. Saboda haka rigar kariya ta kowane mai shiga jirgi tana cikin kuɗin jirgi, ba abin da za a saya daga baya ba ne in an sami hali.

To, me muke ba da shawara? A raba cinikin biyu. In binciken wuƙa ya nuna jikin jirgin zai gyaru, a saye shi shi kaɗai, da kuɗin karo-karo na waɗanda gonakinsu ke buƙatarsa. A yi damina ɗaya ana tuƙa shi da gora da filafili, yadda masu haƙar yashi suke yi da kwale-kwalensu a kogin nan kullum. Magatakarda ya riƙa rubuta kowace tafiya, da kayan da aka ɗauka, da abin da aka biya. Littafin nan ne zai faɗa mana ko akwai aikin da zai ciyar da inji, in kuma akwai, wataƙila mai doki 15 ya isa, wanda shansa bai kai rabin na babban ba.

In kuwa ƙungiya ta nace sai wannan inji, kada a ba da ko kwabo sai an tayar da shi cikin duro mai cike da ruwa a gaban wanda ya san injin jirgi, an ga ruwa yana tsartowa ta baya, an sa giya gaba da baya, an kwance man giya an duba, an kuma ga takardar shaidar cewa na mai sayarwa ne. Makaniki ya rubuta kayan da za a sake da kuɗinsu na yau, a karanta wa kowa a taron ƙungiya kafin a ɗaga hannu. Mai jirgin ya ce yana da wani mai saye a hannu, sai a yi sauri. Ƙungiyar ta aika masa cewa taronta sai ƙarshen wata, in zai iya jira.