Su a Bakin Teku: Iyaye Ku Bar Mu Mu Je

Iyayenmu na Manchester da Birmingham, mu matasa muna roƙon ku daina hana mu zuwa su da hunturu. Lokacin ne kifin cod da whiting ke matsowa gaɓar Blackpool da Fleetwood, kuma kama su da ƙugiya ba ya buƙatar lasisi a Ingila. Ai ya fi zaman kashe wando.

Tsoronku gaskiya ne, domin teku ba kogin Argungu ba ne. A Fabrairun 2004, ruwa ya dawo da dare ya ci aƙalla ma'aikata 'yan China 21 a Morecambe Bay. Don haka mun ɗauki alkawari: za mu duba lokacin cikar ruwa, mu tafi tare da babba, in an samu hatsari mu kira 999. Allah Ya tsare.