Wa Ya Ba Ku Takobin Bitrus?



Akwai wata magana da ke yawo a wayoyinku, na ji ta har a bakin masu wa'azi: wai an mare mu a kuncin dama, mun juya na hagu, ba mu da na uku, saboda haka kowa ya nemi makami ya rama. Sai a ɗora da Luka 22:36, a ce ai Yesu da kansa ya sa almajirai su sayi takobi. Ina faɗa muku a fili, wannan koyarwa ƙarya ce, kuma jininku za ta sha.

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki ku karanta surar har ƙarshe. Takuba biyu almajiran suka nuna, Ubangiji ya tsayar da maganar a nan. Wane yaƙi mutum goma sha ɗaya za su yi da takuba biyu? A daren nan, a Getsamani, Bitrus ya zare tasa ya sare kunnen Malkus. Yesu ya tsawata masa, ya sa ya mayar da ita kube, ya warkar da kunnen wanda ya zo kama shi. Duk wanda ya karanta muku aya ta 36 ya ɓoye ta 51, yaudararku yake yi.

Hausawa kan ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Ku tambayi iyayenku wa zafin ya ƙona. A Fabrairun 2004 an kashe Kirista da dama a cikin majami'ar COCIN a Yelwa ta Shendam, Jihar Filato. Farkon Mayu aka kai ramuwa, aka kashe ɗaruruwan Musulmi a garin. Ranar 11 ga Mayu wuta ta tashi a Kano. Kiristan Sharaɗa da Fanshekara, waɗanda yawancinsu ba su taɓa ganin Yelwa ba, su suka biya bashin da rayukansu. Masu zuga mutane daga nesa ba sa zuwa jana'iza.

Na san abin da za ku ce: "Fasto, sai mu naɗe hannu a yanka mu?" Ban ce haka ba. Kare iyalinka daga wanda ya fasa maka ƙofa daban, tafiya farautar wanda bai taɓa ka ba daban. Romawa 13 ta ba hukuma takobi don hukunta mugu. Yohanna Mai Baftisma bai kori sojoji daga aikinsu ba, ƙwace da ƙazafi ya hana su. Mai son tsare garinsu ya shiga soja, ko ɗan sanda, ko sintiri da sanin hukuma.

Kirista sun daɗe da ra'ayi biyu a kan yaƙi. Agustin na Hippo, wanda ya rasu a 430, da malaman da suka biyo shi, sun yarda da yaƙi bisa sharuɗɗa: halattacciyar hukuma ta yi shelarsa, dalilin ya zama na adalci, manufar ta zama maido da salama. Ekklesiyar 'Yan'uwa, wato EYN, ta ƙi yaƙi ɗungum, kuma ba ta sauya koyarwarta ba ko da Boko Haram ta ƙwace hedkwatarta ta Kwarhi a 2014. Ko a ɗaya daga cikin ra'ayoyin nan biyu babu wurin ramuwa. Romawa 12:19 ta bar ta a hannun Allah.

Fasto James Wuye na Kaduna ya bi hanyar makami, ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992. A 1995 ya haɗu da tsohon abokin gabansa, Imam Muhammad Ashafa, kuma su biyun sun je Yelwa sulhu. Shi ya fi cancanta ku saurara, domin ya ɗanɗana.

Mu a Rogo da Karaye Hausawa ne. Wanda ake cewa ku ɗauka maƙiyi, kawunku ne, maƙwabcin gonarku ne, kasuwa ɗaya kuke ci. In kun zub da jininsa, wa za ku kai wa bishara?

Saƙon zuga in ya shigo wayarka, kada ka tura shi gaba. Ka kawo wa dattawan ikilisiya mu bincika tare. Ubangijin salama ya tsare ku. Amin.