Haƙƙin 'Yan Asalin Ƙasar Zuru: Takarda Na Hannu, Gona Na Daji

A ranar 13 ga watan Satumba na 1976 babu wanda ya taɓa jin labarin wata sanarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya a kan haƙƙin 'yan asalin ƙasa. A wannan shekarar ce dai aka cire ƙasar Zuru daga tsohon Lardin Neja aka haɗa ta da Jihar Sakkwato, kana a watan Agusta na 1991 ta faɗa cikin sabuwar Jihar Kebbi. Sai a irin wannan rana ta 13 ga Satumba, amma a 2007, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da sanarwar nan ta haƙƙin al'ummomin da ke 'yan asalin wurarensu. Ƙasashe fiye da 140 suka goyi baya, huɗu suka ƙi, wato Amurka da Kanada da Ostireliya da Niyu Zilan, 11 kuma suka ƙaurace wa ƙuri'a. Nijeriya tana cikin waɗanda suka ƙaurace.

Masu karatu za su iya tambaya, me ya haɗa wannan da manomin dawa a Sakaba? Amsar tana cikin abin da sanarwar ta ƙunsa. Sashe na 10 ya hana a raba irin waɗannan al'ummomi da ƙasarsu da ƙarfi. Sashe na 26 ya amince da haƙƙinsu a kan filayen da suka gada, sashe na 28 kuwa ya tanadi a mayar musu da abin da aka ƙwace, in hakan ya gagara a biya su diyya. Duk wanda ya san halin da ƙasar Zuru ke ciki a 'yan shekarun nan, zai ce sai ka ce da mutanenta ake magana.

A Nijeriya idan aka ce ɗan asali, abin da ke fara zuwa zuciyar mutane shi ne takardar nan da ƙaramar hukuma ke bayarwa, wadda ake nunawa wajen neman shiga makaranta, ko aikin gwamnati, ko ɗaukar soja. Tsarin Mulkin 1999 ma ya yi amfani da kalmar a sashe na 147, inda ya ce a naɗa minista daga kowace jiha, kuma ya kasance ɗan asalinta. Ta wannan fuska mutanen Zuru ba su da wata gardama da kowa. Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Dukkawa da Fakkawa da Kambari da Bangawa da Gelawa da Acifawa, kowa ya san nan ne tushensu. Duwatsun ƙasar ne suka ba kakanninsu mafaka a ƙarni na 19, lokacin hare-haren Kontagora. Daga ƙasashe biyar, wato Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, aka gina masarautar. To amma takardar shaidar asali tana nuna daga ina mutum ya fito ne kawai, ba ta ba shi tabbacin zai kwana a can.

Mu duba abin da ya faru. A farkon watan Yuni na 2021 'yan bindiga suka auka wa ƙauyuka a Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, ciki har da Koro da Kimpi da Gaya da Rafin Gora, 'yan sanda kuma suka tabbatar da mutuwar mutum 88. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a ƙasar Sakaba, aka kashe fiye da 60. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kai wa ayarin Mataimakin Gwamna na lokacin, Samaila Yombe Dabai, hari a Kanya, sojoji da dama suka rasa rayukansu. A ranar 17 ga Nuwamba na 2025 kuma aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga, aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka tafi da ɗalibai 25. An samu 'yan matan sun dawo, mun gode Allah, amma Gwamna Nasir Idris da bakinsa ya nemi a binciki dalilin janye sojoji daga wurin jim kaɗan kafin harin.

Bayan kowane hari irin wannan akan ƙirga gawa, a yi ta'aziyya, a raba buhunan shinkafa. Abin da ba a cika ƙirgawa ba shi ne gonakin da aka bari. Mutanen ƙauyuka da yawa sun kwashe iyalansu sun koma Zuru da Ribah da Dirin Daji da sauran garuruwa, suna zaman raɓe a gidajen dangi. Ga mutanen da al'adarsu ta ginu a kan noma, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Golmo, inda saurayi kan yi shekaru yana yi wa surukai noma tare da tsararrakinsa kafin a ba shi mata, a gona ake yin sa. Bikin Uhola na godiya ne bayan an kai amfanin gona gida. Yaron da ya tashi a gefen tasha a gari, da Hausa kaɗai zai tashi, C'lela ko harshen Dukkawa kuwa ya zama na kakanni. Ashe idan gona ta tafi, harshe da al'ada suna biye da ita.

Ga kuma wata barazana da ke tafe a hankali. Dokar Mallakar Filaye ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin riƙe filayen karkara bisa al'ada. Yawancin manomanmu ba su da ko guntuwar takarda. Shaidarsu ita ce kabarin kaka, da itacen ɗorawa na kan iyaka, da dattawan da suka san inda gonar wane ta tsaya. In aka shekara biyar ko goma ba a sa fartanya a wuri ba, dattawan nan suka ƙare a gudun hijira, wa zai tsaya wa ɗan da ya dawo ya tarar wani ya riga shi, ko an yanka wa wani mai kuɗi wurin? Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Kada wani ya ce tun da Nijeriya ta ƙaurace wa ƙuri'ar 2007 babu abin da ke kanta. Ta sa hannu a Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, ta mai da ita dokar ƙasa a 1983. Da wannan yarjejeniya ce mutanen Endorois na Kenya suka yi nasara a gaban Hukumar Afirka, hukuncin da aka tabbatar a 2010, haka ma mutanen Ogiek a Kotun Afirka a 2017, dukansu a kan ƙasar gado. Har ila yau Nijeriya ta amince a 2012 da Yarjejeniyar Kampala, wadda ta ɗora wa gwamnati alhakin kare waɗanda aka raba da muhallinsu a cikin ƙasa, da dukiyar da suka bari, da kuma share musu hanyar komawa gida.

A matsayinmu na masu bi, mun san labarin Nabot a 1 Sarakuna sura 21, wanda ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar inabinsa domin gadon kakanninsa ce, mun kuma san hukuncin da ya biyo bayan ƙwace ta. Amma wajibi ne mu ja kunnen kanmu. Kalmar ɗan asali ta sha zama makami a ƙasar nan, Jos da Zangon Kataf sun ishe mu misali. A ƙasar Zuru gida ɗaya kan haɗa Kirista da Musulmi da mai bin addinin gargajiya, suna ci a akushi ɗaya. Bahaushen da kakansa ya zauna a Wasagu, da Bafulatanin da aka kore wa shanu, su ma an raba su da muhalli, haƙƙin komawa kuwa nasu ne daidai da na kowa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, su buɗe rajistar ƙauyuka da gonakin da aka bari, tare da hakimai da dagatai, tun masu shaida suna da rai. A kuma dakatar da ba wa kowa fili a irin waɗannan wurare har masu shi su dawo. A girke jami'an tsaro a hanyoyin gona daga shuka har girbi, kuma a riƙa jin ta bakin mutanen wuri kafin a janye su. Ekklisiyoyi irin su UMCA da ECWA da Katolika, da masallatai, suna da sunayen mutanensu ƙauye-ƙauye, don haka suna iya fara wannan rubutu tun yau, su kuma buɗe azuzuwan harshen gida ga yaran 'yan gudun hijira.

Ƙasar da ta ba sojan Nijeriya dubban 'ya'yanta, har da manyan hafsoshi irin su marigayi Sarkin Zuru Manjo Janar Muhammadu Sani Sami da Laftana Janar Ishaya Bamaiyi, ba ta roƙon alfarma idan ta ce a tsare mata gonakinta. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya, amin.