Jaraba Tun Tana Bakin Zaure: Abin da Malaman Kirista na Dā Suka Lura da Shi



Ya ɗan uwa, a wace rana ce mutum yake faɗuwa? Yawancinmu ranar da asiri ya tonu muke dubawa: ranar da aka nemi kuɗin amana aka rasa, ko ranar da aure ya mutu saboda abin da aka gani a waya. A ganina faɗuwar ta riga wannan rana da makonni. Ta auku ne sa'ad da wani tunani ya yi sallama a zuciya, mai gida ya shimfiɗa masa tabarma.

Malaman Kirista na dā sun yi dogon nazari a kan wannan. Saɓaninmu da su a aƙida sananne ne, ba shi ne zancen yau ba. Abin da suka lura da shi game da zuciyar ɗan Adam ya cancanci ka saurara.

A hamadar Masar an yi wani mai zuhudu, Ebagriyus, wanda ya rasu a shekarar 399. Ya ƙididdige tunane-tunane 8 da ke kai wa mutum hari: haɗamar abinci, sha'awa, son dukiya, baƙin ciki, fushi, kasalar ibada, son yabo da girman kai. Koyarwarsa ita ce zuwan tunani ba a hannunka yake ba, amma zamansa a hannunka yake. Har littafi ya tsara na gajerun amsoshi daga Littafi Mai Tsarki, domin mai ibada ya mayar wa kowane tunani martani nan take, kafin ya sami wurin zama.

Agustin, bishop na birnin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430, ya kasa hanyar zunubi mataki 3: shawara ta zo, daɗi ya biyo, yarda ta rufe. Bayansa da shekara dubu, Tomas a Kempis, wanda ya rasu a 1471, ya nuna cewa korar maƙiyi daga bakin ƙofa ta fi sauƙi a kan fitar da shi bayan ya shiga ɗaka. Wasiƙar Yaƙub ta Sabon Alkawari kuma ta kwatanta muguwar sha'awa da juna biyu: tana farawa ba mai gani, ta girma a ɓoye, ta haifi abin da ba ya ɓoyuwa.

Dubi labarin Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda mu da su duk muke karantawa. A Littafin Farawa, babi na 39, ya bar rigarsa a hannun matar ya fice. A Suratu Yusuf ya ruga ƙofa, aka yage rigar ta baya. Duk ruwayoyin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya: hanyar fita ya nema, da gaggawa.

Yanzu ka kawo maganar gida. Matashin da ke zaune a fada ana zagayen shayi, cacar ƙwallo ta waya ba da jaka goma take fara cinsa ba. Da dala ashirin ake farawa, wai gwaji ne kawai. Ɗan kasuwar da aka ba ajiya da “zan ara, in mayar ranar kasuwa” yake farawa. Magidancin da ya rusa gidansa da amsa saƙo ɗaya na tsakar dare ya fara. A matakin farko abin da ake nema gare ka kaɗan ne: ka ajiye waya, ka tashi daga wurin, ka mayar da kuɗin inda suke. A mataki na ƙarshe kuwa sai an haɗa da mutunci, da iyali, wani lokaci da gidan kaso. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Wani zai ce: in na tsaya tsaron kowane tunani, ai waswasi zai kashe ni. Damuwar tana da tushe, kuma amsarta na cikin rarrabewar da Ebagriyus ya yi. Tunanin da ya gifta bai zama laifinka ba, don haka babu abin firgita. Mai gadin kirki ba ya bin kowane mai wucewa da gudu. Ƙofarsa kawai ya sani, ya kuma san wanda ba ya buɗe wa.

Saboda haka, kafin ka kwanta yau, ka tambayi kanka: wace ƙofa ce tawa? Kowa ya san tasa, ya san lokacinta, ya san wurinta. Ka yanke tun yanzu, zuciya na kwance, abin da za ka yi in an ƙwanƙwasa, ka kuma shaida wa amini ɗaya mai tsoron Allah. Shawarar da aka bari sai jaraba ta shigo, jarabar ce za ta yanke ta.

Allah ya tsare mana zukatanmu da gidajenmu. Wassalamu alaikum.